Kawuna, Wanda Ya Ƙi Kashe Fitila

Kwana uku aka yi ana zaman makokin Kawu, kuma kwana ukun nan layinsu na Gyaɗi-Gyaɗi bai shigu ba. Ba motocin manya ne suka toshe shi ba. Fikof-fikof ne da tsofaffin bas-bas da adaidaita, wata da kayan miya a baya, wata da siminti, direbobinsu sun ajiye aiki sun zo sun zube a tabarma. Mu mata muna cikin gida, amma katangar gidan Kawu gajeriya ce, shi kuma direba ko ta'aziyya yake yi da ƙarfi yake yin ta, don haka babu abin da ya wuce kunnenmu.

Abin da ya ba ni mamaki, kusan duk wanda ya buɗe baki da ƙorafi yake farawa. Wani ya ce Baba, wato Kawu, ya taɓa riƙe masa mota kwana tara a kan wayar wuta ɗaya. Wani ya ce shi korarsa ya yi daga rumfa, ya ce ya je ya dawo ranar da ya shirya jin gaskiya. Sai a yi dariya ƙasa-ƙasa, can sai ka ji mai maganar yana jan hanci. Wata maƙwabciyarsu 'yar Kudu, mai shagon kayan masarufi a bakin layi, ta shigo ta durƙusa gaban Inna, matar Kawu, ta ce ita yanzu wa zai riƙa yi mata faɗa a kan motarta. Inna ta riƙe mata hannu suka yi kukansu tare.

Mahaifiyata, wadda ita ce ƙanwar Kawu, carbinta kawai take ja. Sai da mutane suka ragu ta juyo ta dube ni. Ta ce duk cikin masu kukan nan babu wanda ya kai ni ba shi wahala, saboda haka ni ya kamata in rubuta abin da na sani kafin a manta da shi. Ban musa ba, don gaskiya ta faɗa.

Kawu mai wayarin mota ne, wato mai gyaran wutar mota. Rumfarsa ta kwano tana bakin titi ta wajen Tarauni, a gindin wata darbejiya da ta girme ni. Gajere ne, mai tabarau da ya ɗaure da zare tun da ƙafa ɗaya ta karye, kuma aljihun rigarsa kullum cike yake da guntayen waya da Inna ta gaji da tsintarsu a ruwan wanki. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Wannan ya ba ni damar da sauran 'yan'uwana ba su samu ba. Ni kaɗai nake iya ɗaga masa murya, shi kuma ya yi murmushi ya ce Allah Ya huci zuciyar Uwata, sannan ya ci gaba da yin abin da ya ga dama.

Ga wanda bai sani ba, cikin fitilun da ke kamawa a gaban direba akwai wata ja mai hoton mutum a zaune da ƙwallo a gabansa. Ta jakar iska ce, wadda makanikai ke ce wa eyabag, jakar nan da ke naɗe cikin sitiyari da cikin dashbod, wadda ke fashewa ta tare mutum idan an yi karo. In fitilar ta kama ta ƙi mutuwa, motar tana gaya maka ne akwai matsala, kuma ranar tsautsayi ba lallai jakar ta fito ba. A garin nan kuwa maganin wannan fitila sananne ne. Ka kai wa mai wayarin, ya zare gulob ɗinta ko ya liƙe ta da baƙin salatif, kafin ka shanye ruwan leda ɗaya ya miƙo maka makullinka, kowa ya huta.

Kawu bai taɓa yin wannan aiki ba, ko sau ɗaya. Duk wanda ya zo masa da shi amsa ɗaya yake samu: shi bai iya kashe fitila ba, sai dai ya gyara abin da ya kunna ta. Yana da yadda yake koya wa mutane su duba da kansu. Ka murɗa makulli har fitilu su kama, amma kada ka tayar da inji. Sai ka karanta addu'ar hawa abin hawa a natse. Kafin ka kai ƙarshe, fitilar jaka za ta mutu ita kaɗai, ta bar ta mai da ta batir a kunne. In ta yi haka, to lafiya lau, sai ka tayar ka tafi. Da maƙwabciyar nan 'yar Kudu ta ce masa ita ba ta san addu'ar ba, sai ya ce ta yi tata, amma kada ta ɗauko irin doguwar nan ta ranar Lahadi, batir zai ƙare.

Wannan hali bai cika masa rumfa ba. 'Yan sana'arsa Baba Dakata suke ce masa. Akwai wani mai wayarin a tsallaken titi, daidai saitin rumfar Kawu, wanda wajensa kullum ba masaka tsinke, kuma shi ne ya fi kowa tsokana. Yakan ce aikin Baba aikin lahira ne, sai an mutu ake ganin sakamako. Kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Birki in an gyara ana takawa a ji, oda ana dannawa, amma jakar iska babu yadda za a gwada ta sai a karo. Shekara da shekaru Kawu yana aikin da babu mai iya cewa ya yi kyau ko bai yi ba. In an faɗa masa haka sai ya ce ai addu'arsa ke nan, kada Allah Ya kawo ranar da za a gane. Da baki yake faɗa, amma ni na san abin yana cinsa. Na sha zuwa in same shi zaune shi kaɗai yana goge kayan aikin da ba su yi datti ba, idonsa na kan layin motocin tsallake.

Ni sana'ar ƙwai nake yi. Ina ɗauko shi daga gonaki a hanyar Zariya, in raba wa shaguna da masu shayi a Tarauni da Daurawa da Ƙauyen Alu. Na yi shekaru ina fama da motar haya kafin Allah Ya hore mini fikof ta hannu, fara sol, wadda dillalin ya rantse cewa wata tsohuwa ce take zuwa cefane da ita a Turai. Maigidana, wanda tsohon direba ne, shi zai riƙa ja, ni kuma ina gefensa, don ban yarda kowa ya zaɓar mini ƙwai ba. A makon ne kuma wani babban gidan burodi a Tarauni ya amince in fara kai musu kullum da safe daga ranar Litinin, da sharaɗin ba a makara. Na daɗe ina bin wannan ciniki.

Ranar Alhamis muka kai wa Kawu motar. In faɗi gaskiya, ba don ya duba muka kai ba, don ya sa albarka ne, har da ɗan turarensa na tafi da shi. Ya zagaya ta, ya yaba, ya yi mana addu'a. Sannan ya shiga ya zauna a kujerar direba, ya murɗa makulli, na ga leɓensa na motsi. Ya gama addu'a, fitila tana nan ja. Ya sake, tana nan. Sai ya tayar da inji, nan take ta mutu, ita da fitilar mai a lokaci guda. Maigidana ya saki ajiyar zuciya ya ce to ai ga shi nan ta mutu, Baba. Kawu ya kashe motar, ya zare makulli, ya jefa cikin aljihun nan nasa mai guntayen waya.

Ya ce, "Ba ita ta mutu ba, bin wata ta yi. An ɗaure ta ne a jikin fitilar mai. Ku je gida, Uwata."

Na ce masa Litinin fa, Kawu. Ya ce Allah Ya kai mu.

Washegari da na koma ya riga ya ciro allon fitilun, ya ajiye a kan benci. Ya nuna mini wata siririyar waya da aka liƙa da dalma a bayansa, daga fitilar mai zuwa ta jaka. Aikin mai hannu ne, in ji shi, Allah Ya shirye shi. Da ya cire ta ya mayar da allon, sai fitilar ta fito da halinta na gaskiya: ta kama ja, ta ƙi mutuwa ko inji yana aiki. Ya jona 'yar kwamfutarsa ta duba mota a ƙarƙashin sitiyari. Da girmansa ya koyi wannan na'ura, yana riƙe ta nesa da fuska yana karanta lambobin ɗaya bayan ɗaya, kuma bai taɓa ba ta cikakkiyar yarda ba. Yakan ce ita unguwa take faɗa maka, ba ta faɗin gida. Ta faɗa masa unguwa biyu, ƙarƙashin kujerar direba da cikin sitiyari.

Abin da ya fi ƙona mini rai a lokacin shi ne yadda yake aikin. Sai ya cire kan batir, sannan ya koma benci ya zuba shayi daga fulas ya zauna yana kurɓa. Na ce Kawu, shayi muka zo sha? Ya ce akwatin da ke kula da jakar yana riƙe sauran wuta ko an cire batir, kuma duk wanda ya yi gaggawar taɓa wayoyin nan masu ruwan ɗorawa, jakar na iya tashi ta karya masa wuya. Sai da kofin ya ƙare ya miƙe. A ƙarƙashin kujera ya samu soket ɗin bel ɗin da direba ke ɗaurawa ya yi tsatsa ya saki. Wannan bai ɗau lokaci ba. Na sitiyari ne ya ja kwanaki. Akwai wata waya mai faɗi kamar ribon da ke naɗe a ciki, ita ke kai wuta ga jakar direba ko ana juya sitiyari, to ta tsinke. Ya sa maigidana ya danna oda yana juya kan motar, muka ji tana ɗaukewa tana dawowa. Ya ce ga shaida nan, tun a gidan dillali motar take gaya muku, ba ku saurara ba.

Litinin ta zo ta wuce. Na koma ɗaukar adaidaita, ina rungume da kiret ɗin ƙwai a cinya, duk ramin da muka faɗa sai na ji zuciyata ta fashe tare da ƙwan. Sau biyu ina makara a gidan burodi, manajan ya fara kallon agogo in ya gan ni.

Rana ta takwas Kawu ya samu wayar sitiyarin ya sa. Muka zo ni da maigidana da saurinmu. Ya murɗa makulli, muka yi addu'a mu uku, kafin mu shafa fitila ta mutu ita kaɗai. Kwamfuta ma ta ce babu sauran laifi. Na miƙa hannu karɓar makulli, har na fara yi masa kirari. Shi kuwa ya zagaya ɗaya gefen, ya zauna a kujerar mai zaman banza, yana ƙwanƙwasa dashbod da bayan yatsa yana kasa kunne, kamar mai zaɓen kankana. Ya sunkuya ya shinshina. Ya ce gilashin gaban nan ba nata ba ne, kuma yana jin warin gam. Ya ce wanda ya yi ƙarya a fitila ba a nan kaɗai ya tsaya ba.

Na ce har kwamfutarka ta ce lafiya. Ya ce ita ma ana yi mata ƙarya.

Ya sake cire batir, ya sake zuba shayi, ni kuwa ina tsaye ina huci. Sannan ya kwance durowar gaba ya zura hannu ta baya. Abin da ya fara fitowa da shi wani ɗan ƙarfe ne bai fi ƙwayar shinkafa ba, an cusa shi cikin soket an naɗe da salatif. Razista suke ce masa, aikinsa ya sa akwatin ya zaci jaka tana nan. Da ya buɗe gidan jakar kuwa, sai ga soson katifa da yagaggen buhun siminti. Motar ta taɓa yin karo, jakunkunan sun fashe, an sauya ta direba, an cusa tsumma a ɗaya gefen an rufe da gam.

Maigidana mutumin kirki ne, kuma ya ga halin da nake ciki da gidan burodi. Sai ya ce, cikin ladabi, tunda ta direba tana nan lafiya, ko za a bar wannan gefen haka, in an samu sarari daga baya a gyara. Kawu ya cire tabarau ya dube shi.

"Malam, nan wa ke zama?"

Kawu ya ɗora tafin hannunsa a kan kujerar ya ce, "Uwata ce ke zama a nan." Har yau in muna 'yar taƙaddama a gida, nakan tambayi maigidana nan wa ke zama, shi ke nan magana ta ƙare.

Amma a ranar ban ji daɗin maganar ba ko kaɗan. Ni da ake karewa ni na fi kowa hawa. Na ce rayuwata ce, na yafe. Na ce mutane nawa ke yawo a a-kori-kura da ba ta san wata jaka ba, ga su nan da ransu. Ya ce waɗannan sun san ba su da ita, ni kuwa zan zauna ne ina zaton ina da ita. Na tsallaka titi a gaban idonsa, na je wajen mai wayarin tsallake na ce ya zo ya mayar mini da dashbod yadda yake. Mutumin ya sosa ƙeya ya ce shi ba ya taɓa motar da ke rumfar wani, balle ta Baba. Na dawo raina ya gama ɓaci, kuma a nan na faɗi maganar da har gobe nake jin kunyarta. Na ce masa shi ya sa rumfarka babu kowa, Kawu.

Ya ce Allah Ya huci zuciyar Uwata. Amma bai yi murmushin ba.

Mako uku motar ta yi a hannunsa. Gidan burodi suka ɗauki wani. Na daina aika masa dambun da nake aika masa duk Juma'a, na daina bi ta titin. Sai daga baya Inna ta gaya mini yadda ya yi makonnin. Kullum da safe yake hawa adaidaita zuwa Ƙofar Ruwa da gwiwar nan tasa mai ciwo, yana bin masu sayar da kayan mota rumfa-rumfa. Ya ƙi wannan jaka don lambarta ba ta yi daidai da ta motar ba, ya ƙi waccan don ya ga alamar ta sha ruwa, har 'yan kasuwar suka fara ɓuya in sun hango shi. Ta ce wata rana ya dawo ƙafarsa ta kumbura, ta ce ya haƙura haka, ya ce mata ba zai iya kallon ƙanwarsa ba in wani abu ya samu yarinyar nan a kujerar da shi ya rufe da hannunsa.

Da kansa ya kawo motar ƙofar gidanmu a Daurawa. Ya ba maigidana makulli, ya sa muka yi masa alkawari biyu: addu'a kafin a tayar, da bel kafin a motsa, domin a cewarsa jaka ba bel mari ce kawai. Na aika masa ruwa, ya ce yana sauri. Ya tari adaidaita ya tafi.

Damina biyu ta wuce. Muna gaisawa, na ma ci gaba da aika dambu ba tare da na ce komai ba, shi ma ya ci gaba da dawo da kwano ba tare da ya ce komai ba. A gidanmu an san ni, gara in yi maka tuwon shekara da in buɗe baki in ce ka yi haƙuri. Kuma a can ƙasan raina ban daina ganin taurin kansa ne ya raba ni da gidan burodi ba. Alkawarin dai mun riƙe, ba don mun yarda ba, sai don kada ya tambaya.

Wata safiyar Talata muna dawowa daga gona, baya cike da ƙwai, rana ta ɗan ɗaga. Wata ƙaramar mota daga ɗaya hannun tayarta ta fashe, ta tsallako ta yo kanmu. Maigidana ya kauce mata, sai ga kwalbati a gabanmu. Ƙara ɗaya na ji, sai wani abu fari ya cika mini fuska, sai hayaƙi mai wari. Na zaci wuta ce. Ina ta salati ina laluben ƙofa, sai na ji maigidana yana kiran sunana yana tambaya ko ina da rai. Na ce in ba ni da rai wa ke amsa maka.

Mutanen da suka rugo sun ga gaban motar ya shige ciki, titi kuma ya yi ruwan ɗorawa da ƙwai, sun ɗauka gawa za su ciro. Muka fito da ƙafafunmu. Ni ƙuna ce a wuyan hannu da shatin bel a ƙirji, shi kuma hancinsa ya kumbura ya yi kamar dankali. Cikin ƙwan nan kaf babu wanda ya tsira. A asibiti aka duba mu aka sallame mu kafin la'asar. Da mai janwe ya tambayi inda za a kai motar, ban yi shawara da kowa ba, na ce rumfar Kawu.

Yana zaune a bencinsa muka iso. Bai ko kalli motar ba. Ya taso yana ɗingishi, ya kama fuskata da hannu biyu, yana juya ni yana dubawa kamar yadda ake duba jariri. Hawaye na bin gemunsa. Ban taɓa ganin Kawu yana kuka ba sai ranar. Sai da ya tabbatar babu inda ya karye, sannan ya je ya leƙa cikin motar, ya shafa jakar nan ta gefena da ke rataye a saɓule, ya daɗe yana shafa ta.

To, daga nan ne fa Kawu ya nuna mana ashe shi ma ɗan Adam ne. Mutumin da ya yi shekaru yana addu'ar kada a gane aikinsa, da Allah Ya sa aka gane ba tare da an rasa rai ba, sai ya ƙi bari kowa ya wuce bai gani ba. Ya hana a janye motar. Ya sa aka ajiye ta a bakin titi, ƙofofi a buɗe, ya ɗauko kujera ya kafa a gefenta, ya sa sabuwar hula. A kan bonet ɗin da ya lanƙwashe ya jera soson katifar nan da buhun simintin da ɗan razistan, ashe duk ya adana su a leda. Duk direban da ya rage gudu sai ya yafito shi ya ce zo ka ga aikin lahira. Mako guda cur yana wannan, Inna tana aiko masa da abinci wurin.

A rana ta biyu na je. Wurin cike da direbobi da 'yan adaidaita. Na ratsa su na durƙusa a gabansa, abin da ban taɓa yi wa kowa a bainar jama'a ba. Na ce Kawu, na yi kuskure, maganar da na faɗa maka ba gaskiya ba ce, ka yafe mini. Ya karkato kunne.

"Ɗaga murya, Uwata. Na tsallake bai ji ba."

Na ɗaga. Aka kwashe da dariya, ni ina dariya ina hawaye. Na tsallaken kuwa ya ji. Ya bar motocin da ke layi a rumfarsa, ya tsallako, ya leƙa, ya ɗaga soson ya juya shi, ya dubi wuyan hannuna. Sannan ya tsuguna gaban Kawu ya ce shi kansa bai san fitila nawa ya kashe da hannunsa ba, yana so a koya masa. Kawu ya ce ya je ya zo da kofin shayinsa, da zama ake farawa.

Shekarar da ta biyo baya ita ce ta ƙarshe a rayuwarsa, kuma ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin nata ba. Rumfar ta cika har gindin darbejiya. Masu shirin sayen mota ta hannu suka riƙa biyowa da ita wajensa tun kafin a gama ciniki, dillalai kuma suka riƙa sauya hanya in mai saye ya ce a bi ta Tarauni. Sunan Baba Dakata bai canza ba, yadda ake faɗinsa ne ya canza. Faɗansa ma bai ragu ba, sai dai yanzu layi ake yi a sha shi. Da muka samu wata fikof ɗin, shi ya duba ta, ya riƙe ta kwana huɗu, ban ce masa komai ba sai sannu da aiki. Ita ce mota ta ƙarshe da ya sa wa hannu kafin ciwon ya kwantar da shi. Bai yi doguwar jinya ba.

Ranar jana'iza, bayan an yi masa salla a ƙofar gida, aka ce a fikof ɗinmu za a ɗora makara zuwa maƙabarta. Ina tsaye a bakin zaure tare da mahaifiyata, muna leƙe ta bayan labule. Aka ɗora shi, maza suka hau suka riƙe, sauran suka shiga motocinsu. Kowa ya san ba a jinkiri da gawa, har wani dattijo ya fara cewa a yi maza. Maigidana ya shiga, ya ja bel, ya murɗa makulli, sai bai tayar ba. Wani daga baya ya buga jikin motar yana tambayar ko ta ƙi tashi ne. Sai na ji muryar mai wayarin tsallake ya ce ku dakata, ku bar shi.

Duk inda na duba, direbobin nan leɓunansu na motsi. Ni ma na sunkuyar da kai na fara addu'ar a natse, yadda ya koya mana. Ina kai ƙarshenta na ji injin ya tashi, suka tafi da shi.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa makwanci, Ya saka masa da alheri a madadin duk wanda ya koma gida da ƙafafunsa bai ma san hannun wa ya bi ta kan motarsa ba. Ni dai na sani, kuma na gode wa Allah da Ya ba ni ikon faɗa masa da ƙarfi tun yana ji.